A Boy from Tupelo: faifai uku na Elvis Presley tun yana direban motar kaya, da wanda ya dace ya saye su

Cikakken sunan kundin shi ne A Boy from Tupelo: The Complete 1953-1955 Recordings, kamfanin RCA ne ya fitar da shi tare da Legacy, reshen kamfanin Sony Music, a ƙarshen watan Yulin 2017. Faifan CD uku ne da littafi mai shafi 120. Idan aka haɗa waƙoƙi da gwaje-gwaje da gutsattsarin hira, sun haura 80. Duk abin da ke ciki an ɗauke shi ne cikin wata 28 ko kusa da haka, daga tsakiyar 1953 lokacin da Elvis Presley ɗan shekara 18 ya shiga wani ƙaramin situdiyo a Memfis da kuɗinsa a hannu, zuwa Nuwamban 1955 da aka sayar wa RCA kwantiraginsa. Ernst Mikael Jørgensen, mutumin Denmak da ya daɗe yana kula da taskar sautin Elvis, shi ya haɗa aikin. Bugun farko ya fito tun 2012 da tambarin Follow That Dream, da littafi mai shafi sama da 500, amma kaɗan aka buga, ya ƙare, yanzu sai a hannun masu tara tsofaffin kaya da ɗan karen tsada. Na 2017 shi ne wanda aljihun mai matsakaicin ƙarfi zai iya ɗauka.

Gara a faɗa tun da wuri don kada wani ya yi asarar kuɗinsa. Mai neman Elvis na talabijin, ko na finafinai, ko mai farin kaya da duwatsu masu ƙyalli, babu shi a nan. Ko waƙar Heartbreak Hotel babu, domin ita sai Janairun 1956 aka ɗauke ta. Abin da ke nan yaro ne da makaɗa biyu, a ɗaki ɗaya, suna lalube. Darajar kundin ita ce yana ba mutum damar jin laluben da kunnensa.

Faifai na farko

Yana buɗewa da waƙoƙi huɗu da ba a yi su don kasuwa ba. Situdiyon Sam Phillips, mai lamba 706 a titin Union Avenue, ya buɗe a Janairun 1950 da sunan Memphis Recording Service, kuma ban da mawaƙa yana ɗaukar bikin aure, jana'iza, wa'azi, da duk wanda ya shigo yana son jin muryarsa. Dala 3 da santi 98 ake biya, a ba ka faifai mai fuska biyu. Irin faifan shi ake kira asitet: falle ne na alminiyom da aka shafe da wani fenti mai laushi, mutum na rera waƙa allura na sassaƙa layi a jikinsa kai tsaye. Babu gyara, babu kwafi na biyu, kuma duk lokacin da aka ɗora masa allura sai ya ƙara cinyewa. Shi ya sa waɗannan huɗun suke zuwa da ƙarar yashi da ɗan ƙas-ƙas. Ba laifin faifanka ba ne, ba kuma laifin na'urarka ba.

Abin da za ka ji a cikinsu zai ba ka mamaki idan ka zo da sunan sarkin rok an rol a ranka. Murya ce siririya, a sama, mai rawa kaɗan, tana rera waƙar soyayya a hankali, jita kuma ana kaɗa ta kamar yadda ɗan koyo ke yi. Babu zafi ko kaɗan. Marion Keisker, matar da ke riƙe da ofishin, ta dai rubuta sunansa da lambar waya ta ajiye. Faifan farko, mai ɗauke da My Happiness, ya yi shekaru a gidan wani abokin karatunsa, sai a Janairun 2015 mawaƙi Jack White ya saye shi a gwanjo kan dala 300,000. Na biyun an yi shi a Janairun 1954, kuma bai fi na farko da komai ba. Wannan shi ne yaron da aka haifa a Tupelo ta jihar Misisipi ranar 8 ga Janairun 1935, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Memfis a 1948, suka zauna a gidajen gwamnati na Lauderdale Courts, ya gama sakandaren Humes a 1953, daga baya ya samu tuƙin motar kaya a kamfanin lantarki na Crown Electric. Wanda ya ji faifan nan a lokacin ba zai sa kwabonsa a kansa ba.

Daga nan sai waƙoƙin da aka yi wa Sun, kamfanin faifai na Sam Phillips. Ranar 5 ga Yulin 1954 Sam Phillips ya haɗa shi da Scotty Moore mai jitar lantarki da Bill Black mai bes, wato ƙaton gogen nan mai tsayin mutum da ake kaɗawa a tsaye. An kwashe sa'o'i ana fama da waƙoƙin soyayya masu sanyi, abin ya ƙi. Da aka tsaya hutu sai Elvis ya ɗauki jita yana wasa da wata tsohuwar waƙar buluz, salon baƙaƙen fatan Amurka, ta Arthur Crudup, That's All Right, wadda aka fara ɗauka a 1946, yana rera ta da sauri cikin shashanci. Bill ya bi shi, Scotty ya shigo, Sam ya leƙo daga ɗakin na'ura ya ce su nemi wurin farawa su sake.

A saurari waƙar da kyau. Ba ta cika minti biyu ba. Jitar Elvis ce ke buɗewa ita kaɗai, sai bes ya faɗo, sai murya. Babu ganga ko ɗaya. Abin da kunne ke ɗauka kamar ganga, Bill Black ne: yana fizgo tsirkiya ya sake ta ta daki katako, sannan ya mari katakon da tafin hannu, sai a sami sauti biyu, ƙasa mai kauri da sama mai taf-taf. Mutum uku ne kacal amma ba ka jin gurbi. Bayan 'yan kwanaki Dewey Phillips, wanda ba dangin Sam ba ne, suna ne ya zo ɗaya, ya sa ta a shirinsa na gidan rediyon WHBQ, ya yi ta maimaita ta saboda kiran waya, har aka nemo yaron aka yi hira da shi. Cikin hirar ya tambaye shi makarantar da ya yi. Ba tambayar banza ba ce. A Memfis ta wancan zamani makarantun fararen fata daban, na baƙaƙe daban, da jin an ce Humes kowa ya san launin mai waƙar. Faifan ya fito ranar 19 ga Yuli da lamba Sun 209, a bayansa akwai Blue Moon of Kentucky ta Bill Monroe, waƙar kantiri, salon fararen fatan karkara, mai taku uku da suka mayar mai taku huɗu suka ƙara mata gudu.

Wannan tsarin suka riƙe a faifai biyar ɗin da Sun ya fitar, masu lamba 209, 210, 215, 217 da 223: fuska ɗaya waƙar da aka ɗauko daga mawaƙa baƙaƙen fata, ɗayar kuma galibi ta ɓangaren kantiri. Dabarar kasuwa ce, gidan rediyon da ya ƙi wannan fuska wataƙila ya karɓi waccan. Duka goman suna nan, tare da waɗanda Sam ya ajiye bai fitar ba. Cikin waɗanda aka ajiye, Blue Moon ta cancanci a tsaya mata. Scotty yana buga tsirkiya a toshe, tana ba da sauti kamar takun doki a hankali, Elvis kuma yana hawa can ƙololuwar murya yana kuka babu kalma. Ba ta yi kama da komai a zamaninta ba, kuma ba abin mamaki ba ne da Sam ya rasa inda zai kai ta.

Ingancin sautin ya bambanta, kuma akwai dalili. Yawancin waƙoƙin daga tef aka ɗauko su, suna fitowa tas, har numfashi ana ji. Amma biyun da ke kan Sun 215, Milkcow Blues Boogie da You're a Heartbreaker, tef ɗinsu ya ɓata, daga jikin faifan garmaho aka kwaso su. Za ka ji sun ɗan dushe, sama-saman sautin ya ragu. An yi ƙoƙari wajen tsabtace su ba tare da an kashe su ba, wanda shi ne kuskuren da masu irin wannan aiki suka fi yi: a matsa wa na'urar cire ƙara, ƙarar ta tafi, amma ta tafi da ƙarfen jita da kaifin murya, waƙa ta koma kamar ana yin ta a cikin randa.

Maganar amsa-amo

Nan ne kundin ya fi amfani ga mai aikin situdiyo, don haka a ɗan daɗe a kai. Ɗakin Sun ƙarami ne, kimanin ƙafa 18 a faɗi da 30 a tsawo, bango da rufi an manne su da fale-falen shanye sauti. Irin wannan ɗaki ba ya ba da amo mai tsawo. Sam yana da na'urar tef Ampex 350 guda biyu. Ɗaya ita ke ɗaukar waƙar. Ta biyun kuwa wayo aka yi da ita. A cikin na'urar tef akwai kai mai rubuta sauti, sai kuma kai mai karanta shi, da 'yar tazara tsakaninsu. Kafin tef ya taso daga na farko ya iso na biyu, ana samun jinkiri na wajen kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas na daƙiƙa. Sam sai ya tura sauti cikin na'ura ta biyu, ya ɗauko shi daga kan da ke karantawa, ya mayar cikin mahaɗar sauti ya gauraya da na asali. Sakamakon shi ne kowace kalma tana da inuwa guda ɗaya tak da ke biye da ita a kusa. Maimaici ɗaya, gajere, ba jela.

Inda za a fi jin wannan shi ne farkon Baby Let's Play House, wurin da yake in'ina da kalma ɗaya kamar mai shaƙuwa, inuwar tana cike tsakanin kowace gaɓa. A Blue Moon of Kentucky ma yana da ƙarfi. Abin lura, That's All Right ta Sun kusan a bushe take. Mutane da yawa sun saba da ita da amo ne saboda RCA, bayan ya sayi tef ɗin, ya ƙara mata nasa amon kafin ya sake fitar da ita. A ƙarshen faifai na farko an saka irin waɗannan juyi na RCA, har da I Love You Because da aka yanka ɗauka biyu aka liƙa. A sa ta Sun, a sa ta RCA a bayanta nan take. Ta Sun murya na gaban goshinka, ta RCA ta ja da baya kamar an tura mawaƙin ƙarshen zaure. Injiniyoyin RCA ba su gane dabarar tef biyu ba, shi ya sa da suka zo ɗaukar Heartbreak Hotel a Nashville suka kafa lasifika a wani dogon lungu na ginin, makirfo a ɗaya ƙarshen. Amo sun samu, amma wani iri ne daban.

Mai son kwaikwayon wannan a kwamfuta, ga inda ake ɓata shi. Na farko, a bar maimaici ya wuce ɗaya. Da zarar inuwa ta haifi inuwa, an bar Sun an shiga wani gida. Na biyu, a ɗaure jinkirin da takun waƙa. Na Sam bai san takun waƙa ba, tsayayye ne, tazarar kawuna da gudun tef suka yanke shi, kuma wannan rashin daidaiton shi ke sa kiɗan ya riƙa tunkuɗa gaba. A fara daga milisakan 120 zuwa 140, a rage wa inuwar kaifi kaɗan domin tef yana cinye sama, a ajiye ta ƙasa da muryar asali, a tsakiya, ba a jefa ta gefe ɗaya ba. Shi ma Scotty daga tsakiyar 1955 ya samu amfilifaya mai suna EchoSonic da Ray Butts ya ƙera, mai ɗan zoben tef a cikinta, don ya riƙa samun sautin a kan dandamali. Ita ake ji a Mystery Train, waƙar Junior Parker ta 1953 da suka sake a Yulin 1955. A bi waƙar har ƙarshenta: sauti na dushewa za a ji Elvis ya yi ihu ya kece da dariya, domin bai ɗauka wannan ɗaukar za a riƙe ba.

Faifai na biyu

Wannan shi ne dalilin sayen kundin, shi ne kuma wanda zai gundiri wanda bai shirya masa ba. Gwaje-gwaje ne: a fara a tsaya, a sake, wani ya yi kuskure, a yi magana, a sake. Waƙa ɗaya tana iya zuwa sau biyar, shida a jere. Kuma ba duka aka samu ba, domin Sam mutum ne mai tsimi, tef na da tsada, yakan ɗora sabon aiki a kan tsoho. Waƙoƙin da aka fi ƙishirwar jin yadda aka gina su, irin su Mystery Train, babu gwajinsu. Kalmar da ke jikin kwalin mai nufin cikakke tana nufin abin da ya tsira ne.

Abin da ya tsiran ya isa. Akwai guntun Blue Moon of Kentucky a hankali, kafin su gano gudun da ya dace da ita, a ƙarshensa ana jin Sam yana cewa wannan ta fita daban, ta kusa zama waƙar gama-gari. Minti ɗaya ne da 'yan kai, amma a ciki ake ganin waƙa a tsakiyar hanya, ta bar gidan Bill Monroe ba ta iso inda za ta ba. Akwai jerin gwaje-gwajen I'm Left, You're Right, She's Gone a matsayin buluz mai nauyi, suna ta juya ta, kowace ɗauka Elvis na canja inda yake jan numfashi da inda yake danne kalma. Duk wannan wahalar aka ajiye ta gefe, daga baya aka sake waƙar da ganga da sauri, ita ce ta fito kasuwa. Mai koyon aiki ya dubi wannan da kyau. Sam ba ya gyara kuskure ɗaya-ɗaya. Idan ɗauka tana da rai yakan bar ta da tuntuɓenta, idan ba ta da shi ko ta yi tsaf sai ya watsar.

Akwai kuma wani abu da sai mai sha'awar na'ura zai yaba: guntun gwajin How Do You Think I Feel da aka samu a tef ɗin na'ura ta biyu, wato ta inuwa. Jitar Scotty ce kawai a fili, muryar Elvis can nesa kamar daga maƙwabta. Ba waƙa ba ce da za a saurara don nishaɗi. Hujja ce ta yadda aka jona wayoyin a ranar.

Faifai na uku

Na dandamali ne da rediyo, kuma a nan sai an yi haƙuri. Wasu an ɗauko su daga asitet da ya sha allura, wasu gudunsu na tangaɗi, wasu murya na nutsewa ta taso. Wanda zai sa wannan a mota yana tafiya zai kashe kafin waƙa ta uku.

Amma labarin tashin yaron a nan yake, ba a situdiyo ba. Ranar 30 ga Yulin 1954 ya hau dandamalin Overton Park a Memfis a matsayin mai share fage wa Slim Whitman, tsoro ya sa ƙafafunsa na karkarwa, wandonsa mai faɗi yana kaɗawa, 'yan mata suka kama ihu, shi bai ma san dalili ba sai da aka gaya masa. Wannan ba a ɗauke shi ba. Ranar 2 ga Oktoba ya je Grand Ole Opry a Nashville, babban zauren kantiri, aka tafa masa na ladabi, ba a sake kiransa ba. Mako biyu bayan haka, 16 ga Oktoba, ya bayyana a Louisiana Hayride da gidan rediyon KWKH ke watsawa daga Shreveport, kuma wannan daren yana cikin faifan, har da gabatarwar Frank Page da amsar Elvis cikin in'ina da ladabi. Hayride ta ba shi kwantiragin shekara guda, kowace Asabar, shi dala 18, Scotty da Bill dala 12 kowanne. Daga Memfis zuwa can ya fi kilomita 500. Sauran kwanakin mako suna yawo a garuruwan Teksas da Akansas da Misisipi, zauren makaranta yau, filin wasa gobe, bes ɗaure a kan rufin mota.

A bi faifan a jere za a ji abin da hanya ta yi masa. A Oktoban 1954 yana rera waƙa kamar yadda take a faifai, yana tsoron kauce mata. A gidan rediyon KDAV na Lubbock a Janairun 1955 ya fara sakin jiki. Zuwa Maris a Eagles' Hall ta Houston ya koyi wasa da jama'a, yana jan kalma, yana zolaya tsakanin waƙoƙi. Zuwa Agusta, da D.J. Fontana a kan ganga, kiɗan ya yi nauyi, ihun mata ya zama wani ɓangare na sautin. Akwai kuma wadda ba ta cikin bugun 2012, I Forgot to Remember to Forget daga Hayride ta 29 ga Oktoban 1955. Wata uku bayan wannan daren yana talabijin ta ƙasa baki ɗaya.

Littafin

Da Turanci yake, an tsara shi bisa kwanan wata, da hotuna da tallan jaridu da takardun shiga wasa. A karanta shi faifai na uku na kunne, sai ƙarar asitet ta zama abin jurewa, domin kana ganin zauren da aka ɗauke ta. A ciki ake bin yadda riƙon yaron ya tashi daga hannun Scotty, wanda shi ne manajansa na farko, zuwa Bob Neal mai gabatar da shiri a rediyo, zuwa Kanar Tom Parker, mutumin Holan da ya ɓoye asalinsa, kanar ɗinsa ma ta girmamawa ce. Ranar 21 ga Nuwamban 1955 RCA ya biya dala 35,000, da ƙarin 5,000 na kason cinikin da Sun ke riƙe wa Elvis. Iyayensa sai da suka sa hannu domin bai kai 21 ba. Masu cewa Sam ya yi wauta ba su san halin ƙaramin kamfani ba: masana'antar buga faifai tana son kuɗinta yanzu, dillalai kuwa sai sun ga dama su biya, don haka waƙa na ƙara karɓuwa bashi na ƙara hawa. Da kuɗin ya tura wasu mawaƙansa, Carl Perkins da Johnny Cash.

Babban giɓin kundin shi ne babu waƙoƙin asali. Ana ta jin abin da Elvis ya yi da waƙar Arthur Crudup, da ta Roy Brown, da ta Arthur Gunter, da ta Junior Parker, amma ba a jin su kansu. Ba tare da su ba mai sauraro zai ɗauka abin daga sama ya faɗo. Da an ƙara faifai na huɗu mai waƙa goma sha biyu, da ya toshe wannan. Tunda babu, a nemo su daban a intanet, a sa kowace kafin ta Elvis. Crudup ya rasu a 1974 bai karɓi haƙƙin da ya yi ta bi ba, kuma wanda ya ji muryarsa a ta 1946 zai san ba ƙaramin abu aka ɗauka a wurinsa ba.

Wa zai saya, da yadda za a saurara

Mai aikin situdiyo, mai kaɗa jita, mai nazarin tarihin kiɗa, kwalliya za ta biya musu kuɗin sabulu. Wanda kawai yake son jin waƙoƙin, Elvis at Sun na 2004 ya ishe shi, faifai ɗaya ne mai waƙa 19. Akwai kuma faifan garmaho guda ɗaya da ya fito tare da kundin 2017 da suna kusan iri ɗaya, waƙoƙin Sun ne kawai a ciki, babu gwaje-gwaje. Mai oda ta intanet ya tabbatar an rubuta CD uku, idan na hannu ne kuma ya tambaya ko littafin na nan. A yi hattara da tarin faifai masu araha daga Turai. A can haƙƙin mallakar sautin da ya fito kafin 1963 ya ƙare, kowa na iya bugawa, yawancinsu kwafi ne daga wani kwafin. Wanda kuma aka kawo masa ƙaramin faifan Sun ana cewa na asali ne, abu na farko da masu tara kaya ke dubawa shi ne 'yan lotsawa uku a jikin takardar tsakiya, sawun injin da ya buga shi. Jabun sun fi na gaske yawa nesa ba kusa ba.

Kundin yana kan manhajojin sauraron waƙa, amma babu littafi. Kada a saurare shi da lasifikar waya: ba ta fitar da ƙasan bes, sai taf-taf ɗin ya rage, kiɗan ya koma kamar ana buga gwangwani. A sa hedifon mai rufe kunne ko lasifika mai ɗan girma. A kashe duk wani abin ƙara kauri ko faɗaɗa sauti. Waƙoƙin nan hanya ɗaya aka ɗauke su, komai ya kamata ya tsaya a tsakiyar kai. Idan ka ji kauri a kunne ɗaya kaifi a ɗayan, to ka faɗa kan sitiriyon bogi irin wanda RCA ya riƙa yi wa tsofaffin waƙoƙinsa a shekarun 1960, kuma irinsa na yawo a YouTube. A kashe zaɓin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, musamman a faifai na biyu da na uku, inda jerin shi ne labarin.

Mai faifan a hannu ya kwafe shi a kwamfuta ranar da ya iso, a tsarin FLAC da ba ya rage ingancin sauti, ukun ba za su ci gigabait biyu ba. Zafin cikin mota yana lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu kuma tana karce shi idan aka goge a bushe da ƙarfi. A hure ƙurar tukuna, sannan a share da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karcen da ya bi layin sauti shi ne wanda na'ura ba ta iya tsallakewa. Wajen kwafar faifai na biyu a duba sunayen fayil kafin a danna: waƙoƙi da yawa sunansu ɗaya, idan manhajar ba ta sa lambar jeri a gaba ba, wani zai hau kan wani ko su watse. A sa lambar faifai, lambar waƙa, sannan lambar ɗauka a cikin sunan kowanne.